Jagora Ga Mai Ba Da Banju: Yadda Ake Rage Zafin Allurar Barci A Jijiya

Shekarun baya, wani dattijo na nan Disina, wanda muke haɗuwa da shi a sahun Asuba, ya komo gida bayan an yi masa aiki a ciki a wani asibiti mai nisa, muka tafi dubiya kamar yadda aka saba, sai ɗaya daga cikinmu ya tambaye shi yadda ya ji da wuƙar likita. Ya yi murmushi ya ce shi kam bai san an yi wuƙa ba, amma abin da ba zai manta ba har ya koma ga Mahaliccinsa shi ne wata farar allura mai kama da madarar shanu da aka tura masa ta bayan hannu, wadda ya ji kamar narkakkiyar darma tana hawa daga wuyan hannu zuwa gwiwa, ya buɗe baki zai yi salati, barci ya sace shi bai kai ƙarshe ba. Jama'a suka yi dariya. Ni kuwa, da yake na ci shekaru ina ba da banju a ɗakin tiyata, kunya ce ta lulluɓe ni, domin na san allurar, na san raɗaɗinta, na kuma san cewa da abin da bai cika cokalin shayi ba na wani magani mai araha, da haƙurin minti guda, da an ɗauke wa wannan bawan Allah azabar da ya kawo gida yana bayar da labarinta.

Saboda haka na ɗauki alƙalami domin ƙannena da 'ya'yana masu wannan aiki a asibitocin ƙasar Katagum, tun daga Yana har zuwa babban asibitin tarayya da ke Azare, da ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Kimiyyar Lafiya da aka kafa a Azare a 2021, waɗanda gobe su za mu miƙa wa hannuwanmu. Amma fa wajibi ne in gabatar da sharaɗi: wannan bayani na wanda ya koyi aikin banju ne, yana tsaye a wurin da akwai iskar oksijin da jakar hura numfashi da na'urar zuƙe majina, domin maganin da muke zance a kai, watau farar allurar nan, yana tsayar da numfashi yana kuma karya ƙarfin jini cikin ƙiftawa da bisimilla. Shi ne ya yi ajalin mawaƙin nan na Amurka, Maikel Jaksan, a 2009, sa'ad da aka riƙa ba shi a ɗakin kwanansa don ya sami barci. Mai kemis da mai allurar gida ba su da rabo a cikin wannan takarda.

Kalmar banju da kakanninmu suka bar mana daga Larabci ta zo, asalinta sunan wani tsiro ne mai gusar da hankali, wanda Ibnu Sina, da ya rasu a 1037, ya lissafa tare da afiyun cikin magunguna masu kashe ji a littafinsa Alƙanun. Daga baya Turawa suka zo da banjun shaƙa, aka nuna shi a bainar jama'a a birnin Boston ranar 16 ga Oktoba, 1846, sa'an nan a 1934 aka fara sa mutum barci da tiyofental ta jijiya. Farar allurar dattijonmu kuwa, furofofol, ƙanwar bayansu ce. Wani likitan dabbobi mai suna John Glen, yana aiki a kamfanin ICI na Ingila, shi ya tsamo ta a 1973 daga cikin ɗimbin sinadaran da ya gwada, aka fara ba mutane a 1977. Da yake ba ta narkewa a ruwa, da fari an narka ta cikin wani abu da aka sarrafa daga man zurma, sai aka ga jikin waɗansu yana yi masa mummunar tawaye, aka janye, aka sake dama ta da man waken suya da wani sinadari na gwaiduwar ƙwai, ta fito kasuwa a 1986 da sunan Diprivan. Wannan damu shi ya ba ta farin nan nata. Ta sami karɓuwa a duniya domin mutum yakan farka daga barcinta garau, ba jiri mai yawa, ba yawan amai, kuma aibinta da kowa ya sani tun ranar farko shi ne wannan zafi.

Kafin in shiga dalilin zafin sai in warware wani ƙulli na harshenmu, domin Bahaushe ya tara abubuwa da yawa ya kira su jijiya. A nan in na ce jijiya kawai, ina nufin wadda ake sa ƙarin ruwa, mai mayar da jini zuciya. Wadda ke harbawa ƙarƙashin yatsa zan kira ta mai bugu. Siraran da ke kai saƙon zafi ga ƙwaƙwalwa kuwa zan ce musu zaren ji. To, furofofol dangin fenol ce, watau 'yar'uwar sinadaran da ke cikin Izal da Dettol, kuma ko da yake mafi yawanta yana ɓoye cikin ɗigon mai, akwai ɗan kaɗan da ke yawo tsirara a cikin ruwan damun, shi ne kuwa ke taɓa zaren ji da ke kwance a bangon jijiya. Masu bincike sun gano cewa ƙofar da yake ƙwanƙwasawa a jikin zaren, wadda suka sa wa suna TRPA1, ita ce dai wadda ɗanyar tafarnuwa ke taɓawa ta yi raɗaɗi a harshe. Wani zafin yakan zo nan take, wani sai bayan sakan 10 zuwa 20. Na ce sakan ban ce daƙiƙa ba da gangan, domin almajirin da ya yi Larabci ya san daƙiƙa minti ce, ɗan boko kuwa ya ɗauke ta sakan, kuma ɗakin tiyata ba wurin wannan saɓani ba ne.

Kada wani ya ce ai raki ne na mutum ɗaya. A 2011 mujallar likitocin Birtaniya, BMJ, ta buga aikin Jalota da abokansa, waɗanda suka tattara gwaje-gwaje 177 da aka yi a kan baligai fiye da 25,000, suka tarar cewa in ba a yi wata dabara ba, wajen mutum 60 cikin 100 suna jin wannan zafi. Mu a nan ƙasar Guddiri, watau Katagum, lissafinmu yakan fi haka ruɗi, domin an yi mana tarbiyya a kan cewa namiji ba ya kuka, Bafillace kuma ko ana yankan namansa ba zai ce wash ba, sai ma'aikaci ya ga majiyyaci ya yi shiru ya zaci lafiya. Dubi hannun, kada ka jira baki: yatsu za su dunƙule, kafaɗa ta ɗaga, goshi ya tattare, wani lokaci hawaye ya gangaro ta gefen ido bayan barci ya riga ya ɗauke shi.

Babbar dabara, wadda ta fi kowace ƙarfi kuma ba ta cin ko kwabo, ita ce zaɓen jijiya. Yawancinmu mun saba da bayan hannu saboda nan ne ido ya fi gani, nan ne kuma aka koya mana tun muna ɗalibai, alhali jijiyoyin wurin sirara ne, jini yana tafiya a cikinsu a hankali, maganin sai ya cika su fal ya shafi bango ta kowane gefe. Babbar jijiyar da ke cikin lanƙwasar gwiwar hannu kuwa kamar kogi take a tsakiyar damina, abin da aka zuba sai ya bi tsakiya, jini ya sirka shi kafin ya kai gaɓa. A lissafin Jalota, wannan kaɗai ya mayar da yawan masu jin zafi wajen kashi ɗaya cikin bakwai na yadda yake a da. Sai dai wurin yana da ladubbansa. Ka nemi ɓangaren da ke layi ɗaya da babban yatsa, ka nisanci ɓangaren ƙaramin yatsa, domin a can babbar mai bugu take kwance tare da wani babban zaren ji, kuma kafin ka soka, ka ɗora yatsa ka tabbata abin da za ka shiga ba ya harbawa. Ka kuma tuna cewa in majiyyaci ya lanƙwasa hannu kanula takan toshe, in kuma ta fita daga jijiya kumburin ba ya saurin bayyana a wurin. Don haka ka miƙe hannun a kan katako, ka bar wurin a buɗe inda idonka zai kai. In aikin mai tsawo ne kuma za a naɗe hannu, babbar jijiyar tsakiyar damtsen ƙasa, tsakanin wuyan hannu da gwiwa, ta fi dacewa, ta kuma fi ta bayan hannu nesa ba kusa ba.

Mutanenmu sukan iso da jijiyoyi a ɓoye. Wanda aka ɗauko daga Disina ko ƙauyukan Shira ya sha hanya, an kuma hana shi ci da sha tun daren jiya, in kuma lokacin hunturu ne sanyi ya ƙara tsuke su. Mace kuwa wataƙila ta sha lalle har wuyan hannu, sai yatsa ya yi aikin ido. Kada ka yi ta sukan lalube. Ka sauke hannun ƙasa da gado, ka naɗe shi da tawul mai ɗumi na 'yan mintoci, ka sa shi ya riƙa dunƙulewa yana buɗewa, ka shafa a hankali maimakon marin da waɗansu ke yi wa bayan hannun mutane kamar suna bugun ganga. Ga baligi, kanula ruwan hoda mai lamba 20 ko koriya mai lamba 18 ta isa. In ta shiga, ka tura ruwan gishiri na asibiti mililita 5 kana kallon wurin kana kallon fuskarsa. In ya tafi sumul babu kumburi babu ciwo, ka sami hanya, in kuwa ruwan gishiri ma ya yi zafi, to, ka cire ka sake wuri, domin abin da ke tafe ya fi shi.

Sau da yawa za ka tarar an riga an sa kanula a bayan hannu tun daga ɗakin kwanciya, kuma ba adalci ba ne a sake huda mutum alhali wadda ke jikinsa tana aiki. A nan ne lidokain ke shigowa, maganin kashe fata da Nils Löfgren ya haɗa a Suwidin a 1943, wanda muka fi sani da Xylocaine, kuma babu asibitin da ake ɗinkin rauni da za a rasa shi. Hanyar da ta fi inganci ita ce wadda Picard da Tramèr na birnin Jeniba suka fitar a 2000 bayan sun auna gwaje-gwajen da suka gabace su. Ka rufe ƙarin ruwan. Ka ɗaure damtsen ƙasa, sama da bakin kanula, da igiyar roba ko safar hannu, ɗaurin da zai tsare jijiya bai tsare mai bugu ba, alamarsa kuwa ita ce ka ci gaba da jin harbawa a wuyan hannu. In da abin awon jini kake aiki, ka hura shi ya tsaya tsakanin 50 da 70. Sa'an nan ka tura lidokain, rabin miligiram ga kowane kilo na nauyin majiyyaci, ka bar shi tsare a cikin jijiyar daga sakan 30 zuwa minti 2, ni dai minti guda nake ƙirgawa a agogon bango, kana ka kwance ɗaurin ka bi shi da furofofol ba tare da jinkiri ba. Hikimar ɗaurin a fili take: in babu shi, jini zai kwashe maganin ya wuce da shi kafin ya jiƙa bangon da ake so ya kashe. Da wannan hanya masu jin zafi sukan koma ƙasa da sulusin adadinsu.

Ga lissafin, domin a nan ƙafa ke zamewa. Kwalbar da aka rubuta wa kashi 1 cikin 100 tana da miligiram 10 a kowace mililita, mai kashi 2 kuwa miligiram 20. Mutum mai kilo 60 yana bukatar miligiram 30, watau mililita 3 na ta farko ko mililita ɗaya da rabi na ta biyu. Wannan adadi yana nesa da haddin guba, amma ka sanar da likitan fiɗa in shi ma zai yi amfani da lidokain a wurin yanka, a haɗa lissafi, kuma ka bar shi gaba ɗaya ga wanda jikinsa ya taɓa ƙin sa ko mai cutar toshewar saƙon bugun zuciya. Abin da na fi jin tsoro, wanda nake roƙonka da girman Allah ka kiyaye, shi ne kwalbar da aka gauraya da adirenalin. Kamarsu ɗaya, sau da yawa a faranti ɗaya suke zaune, kuma in ta shiga jijiya zuciya za ta yi sukuwa, jini ya hau. Ka karanta takardar jikin kwalba da idonka, da ƙarfi in da hali, ko da wanda ya miƙo maka ya girme ka a aiki. Wadda ba a sirka ta da komai ba ita kaɗai ke shiga jijiya.

Akwai hanya ta biyu mai sauƙi, ta ranar da aiki ya yi yawa: a zuba lidokain cikin sirinjin furofofol ɗin kansa, a jujjuya, a ba da shi nan take. Tana aiki, ko da yake ba ta kai ta ɗauri ba, gama takan bar wajen biyu cikin biyar na masu jin zafin. Haddinta shi ne miligiram 20 na lidokain ga miligiram 200 na furofofol, watau mililita 1 na mai kashi 2 a cikin sirinji mai mililita 20, domin in aka zarce, ko aka haɗa aka ajiye, damun yakan tsinke kamar nonon da ya kwana, ɗigon mai su haɗu su yi girma, kuma ba a son irinsu su isa huhu. Masu haɗa sirinji biyar da safe su jera don aikin yini, su daina.

Sauran dabarun taimako ne kawai. In dama za ka ba da fentanil ko wani ɗan'uwansa saboda aikin, ka gabatar da shi da minti biyu ko uku, zai rage wajen rabi. Ketamin ɗan mitsitsi, kamar miligiram 10 ga baligi, shi ma yana yi, ga shi kuma ba ya yankewa a asibitocinmu. Akwai wani damun furofofol da ake kira Lipuro wanda zafinsa ya ɗan fi sauƙi, in Allah ya sa shi aka sayo. Amma sanyaya magani a firiji, ko ɗumama shi, ko tura shi da sauri don a wuce wurin, duk an gwada, ba su tsaya da ƙafarsu ba. Saurin turawa ma yana da nasa sharri, domin shi ke kayar da jinin tsoho da wanda ya zubar da jini. Abu guda da ake mantawa: ka ɗaura abin awon jini a ɗaya hannun, don kada ya hura kansa kana tsakiyar turawa ya tsare farar allurar a cikin jijiya tana ci.

Ba furofofol kaɗai ke da wannan hali ba, kuma a ƙananan asibitoci ma ba ita aka fi gamuwa da ita ba. Ketamin, wanda shi ne jakin aikin karkara, ba ya zafi a jijiya, amma abokin tafiyarsa diyazafam, da aka fi sani da Valium, yana ƙuna ƙwarai saboda abin da aka narka shi a ciki, har yakan bar jijiya ta sandare kamar igiya tana ciwo kwana da kwanaki. Shi sai babbar jijiya, a hankali ƙwarai, a bi shi da ruwan gishiri, kuma kada a sirka shi da wani abu a sirinji domin yakan yi gari. In akwai midazolam, ya fi. Etomidet ma haka yake ƙuna, dabarar lidokain tana yi masa. Rokuroniyam, mai saki tsoka, kada ya shiga sai barci ya yi nauyi, gama ko a cikin barcin za ka ga hannu ya fizge. Deksametazon in an tura shi da sauri ga wanda yake farke yakan tayar da ƙaiƙayi mai zafi a al'aura, abin kunya ga majiyyaci, ba kuwa zai faɗa maka ba, sai ka jira ya yi barci. Tiyofental kuwa shari'arsa dabam ce: a cikin jijiya lafiyayya ba ya ciwo, saboda haka in ka fara turawa mutum ya yi ƙara, ka tsaya cak, domin alama ce ya fita cikin nama ko ya shiga mai bugu, inda yake iya kashe yatsu. Shi ya sa ake fara ba da mililita 1 ko 2 a tambaya kafin a ci gaba. Zafin da za ka rufe da dabara dabam, zafin da yake gargaɗi dabam, kuma sanin bambancinsu shi ne rabin wannan sana'a.

Yara su sukar allurar ma ta ishe su tashin hankali. In akwai man EMLA, a shafa a rufe da leda awa guda kafin a soka. In babu, sau da yawa ya fi alheri yaro ya yi barci da banjun shaƙa, a sa kanula daga baya. In za a ba shi lidokain, a auna nauyinsa a sikeli, kada a kintata da ido.

Saura magana, wadda na daɗe ina ganin ta fi wuya a koya wa matasa fiye da lissafin miligiram. Waɗansu ba sa cewa komai, sai majiyyaci ya ji wuta ba zato, ya shiga barci a firgice yana zaton an yi kuskure. Waɗansu kuma sukan ce, "Za ka ji zafi sosai, ka daure," sai su shuka abin da suke gudu, gama wanda aka ce wa ga zafi nan tafe ya fara jinsa tun ba a taɓa shi ba. Tsakanin ɓoyewa da tsoratarwa akwai hanya. Ni nakan riƙe hannun da ɗaya hannuna in ce, "Baffa, yanzu zan sa maganin barci. Na riga na sa wani mai sanyaya jijiya. Wataƙila ku ji ɗumi ko sanyi yana hawa hannu, maganin ne yake tafiya, ba wani abu ba ne. Ku yi ta salati, ina nan tsaye a kanku har ku farka." Ga tsohuwa in ce Goggo, ga yarinya in tambaye ta sunan ƙanenta, in bar ta tana lissafa su. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma ba ƙarya a cikin abin da na faɗa, domin amana ce mutum ya ba ka numfashinsa.

Tun da an dama ta da mai da ƙwai, farar allura abinci ce ga ƙwayoyin cuta. Ka goge wuyan kwalba da sifirit kafin ka fasa, kwalba ɗaya mutum ɗaya, abin da ya kai awa 6 a sirinji a zubar. Ana ajiye ta ƙasa da digiri 25 ba tare da ta daskare ba, wanda a bazarar Azare, da zafi ke haura 40, yana nufin sai an nema mata wuri mai sanyi. Ka girgiza kafin ka zuƙa, in ka ga mai ya taso ya rabu, ta lalace.

Kashegari ka bi majiyyacinka ɗakin kwanciya. Ka duba hannun ko jijiyar ta yi ja ko ta yi tauri, in ta yi a cire kanula a ɗora tsumma mai ɗumi. Sa'an nan ka gaishe shi, ka yi masa Allah ya sa kaffara, ka tambaye shi abin da ya tuna na ƙarshe kafin barci. Abin da ya faɗa ka rubuta a takardarsa tare da jijiyar da ka zaɓa da dabarar da ka yi, domin wanda zai sa shi barci wata rana ya san inda zai fara.